Wanda Bai Taka Birni da Damina Ba Bai San Shi Ba

Al'ada ce da ta zauna a zukatan mutanenmu, tun daga 'yan kasuwa har zuwa malamai da ma'aikatan hukuma, cewa idan mutum ya ƙudurta niyyar zuwa wani babban birni domin ya buɗe ido, ya ga abin da Allah ya hore wa mazaunansa na gine-gine da kasuwanni da kayan tarihi, sai ya dakata har ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, sa'an nan idan ya isa ya shige mota ko ya ɗare babur, ya keta garin daga wannan ƙofa zuwa waccan kafin a idar da sallar Azahar, ya komo gida yana ba da labari cewa ya ga gari. Ni kuwa abin da nake so in kafa wa hujja a wannan maƙala akasin haka ne, watau cewa birni ba ya bayyana haƙiƙaninsa sai ga wanda ya taka shi da ƙafarsa, kuma daga dukkan lokutan shekara babu wanda ya kai damina fito da hikimar waɗanda suka kafa shi da sakacin waɗanda suka gaje su.

Mu a nan Kontagora ba baƙin tafiya ba ne, domin kuwa da wuya mako ya shuɗe ba a ga motoci sun ɗauki mutanenmu zuwa Kano ba, wasu Kantin Kwari za su sarin atamfa da shadda, wasu Singa, wasu Dawanau wajen hatsi. Amma idan ka zaunar da galibinsu ka tambaye su abin da suka sani na birnin da suka shekara suna zuwa, sai ka tarar iyakarsu tasha da shago da masauki. Alhali kuwa magabata sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma wani ɗan ƙasar nan tamu, Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a shekarar 1911, shi ne ya ɗauki wannan karin magana ya sanya wa littafin da ya rubuta bayan tafiyarsa Ingila a 1943. Malaman Musulunci sun daɗe suna girmama rihla da siyaha, tun daga masu bin sawun hadisi gari gari har zuwa irin su Ibn Baɗuɗa, wanda ya bar Tanja a 1325, ya kewaya duniyar zamaninsa, har ya iso ƙasar Mali a 1352. Kuma addini ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin i'itibari da abin da ya sami mutanen da suka gabata. To, shi i'itibari yana da sharaɗi, sharaɗinsa kuwa shi ne natsuwa, domin ido yana bukatar lokaci kafin ya miƙa wa zuciya abin da ya gani, zuciya kuma tana bukatar lokaci kafin ta fitar da darasi, wannan lokaci kuwa ƙafa ce kaɗai take bayar da shi.

Dalilin da ya sa na zaɓi damina shi ne, rani mai rufa asiri ne. Da rani kwatar da ta toshe da wadda take aiki duk a bushe suke, gidan da aka gina a kan tudu da wanda aka dasa a tsakiyar hanyar ruwa duk a tsaye suke, titin da aka yi da amana da wanda aka yi da ha'inci duk baƙar kwalta ce a ido. Misalinsu kamar rufin soro ne, wanda ba a sanin gwanintar magininsa sai marka ta kwana uku tana zuba. Amma da zarar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kaɗa, sama ta saki, sai ruwa ya shiga bin gangare ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya nuna maka inda tudu yake da inda kwari yake, ya koma tsohuwar hanyarsa ko da an yi shekara talatin da gina bene a kanta. Wanda yake tafe a ƙasa a wannan lokaci, yana duban inda ruwa ya nufa da inda ya tsaya, yana karanta tarihin garin ne a rubuce a kan doron ƙasa, rubutun da babu marubucin fada da ya isa ya gyara shi.

Bari mu ɗauki Kano misali, tun da ita ce babban birnin da mutanenmu suka fi sabawa da shi. Mafi dacewar lokacin fita shi ne hantsin ranar da aka kwana ana ruwa, sa'ad da ƙura ta kwanta, iska ta yi sanyi, gajimare ya tare kaifin rana, har dattijo ya iya yin tafiyar da ba zai kuskura ya yi da bazara ba. Mafi dacewar wurin farawa kuwa shi ne dutsen Dala, inda asalin garin yake tun zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. Duk wanda ya hau Dala da hunturu ya san yadda hazo yake tsare ido, har Goron Dutse da yake kusa ya zama inuwa; amma bayan ruwa sai sararin ya washe, ka hangi hasumiyoyin babban masallaci da faɗin Gidan Rumfa, ka ga yadda unguwanni suka gangara zuwa kwarin Jakara, ka gane da idonka dalilin da ya sa mutanen farko suka zauna a gindin dutse, kusa da ruwa amma sama da shi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau wannan dutse a 1851 ya zana hoton garin, kafinsa kuma wani matafiyi mai suna Clapperton ya iso a 1824 ya ba da labarin wata babbar fadama da ta ratsa birnin kusa da kasuwa. Dukkansu a farkon shekara suka shigo, lokacin da babu ɗigon ruwa a sama, amma duk da haka ruwan da yake kwance a tsakiyar Kano bai ɓuya gare su ba.

Daga Dala sai mai yawo ya gangara ta lunguna zuwa kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a wannan gangara ce zai ga babban darasin da damina take koyarwa. Mutanen dā da ƙasa suke gini, ƙasar kuwa a cikin unguwa suke haƙo ta, saboda haka kowace unguwa ta sami kududdufinta. Ramin da aka ɗebi ƙasar tubali a cikinsa shi ne yake karɓar ruwan da ya zubo daga rufin gidajen da aka gina da tubalin, ya riƙe shi, ya bar shi ya nutse sannu a hankali ya ciyar da rijiyoyi, abin da ya yi saura kuma ya malala Jakara. Ba na musun cewa kududdufi yana da aibinsa, domin yana tara sauro da ƙazanta, yakan kuma ci yara. Amma maganin aibin shi ne a tsabtace shi a kewaye shi. Abin da aka yi a wurare da yawa shi ne aka cike shi da shara, aka yanka filaye, aka sayar, aka gina shaguna, aka kuma malale tsakar gidaje da siminti har ƙasa ta rasa ta inda za ta sha. Ruwan da ya rasa masaukinsa kuwa tilas ya nemi wani, sai ya sauka a titi da zaure da ɗakin kwana. Wanda ya wuce a mota abin da zai gani shi ne ruwa ya tare hanya, ya yi tsaki ya canja titi. Wanda yake ƙasa shi ne zai tsaya ya tambayi dattijon unguwa, a gaya masa sunan kududdufin da yake nan a dā, ya fahimci sababi da musabbabi.

Haka nan idan ya ƙarasa Gidan Makama, wanda shi ma tun zamanin Rumfa yake, yanzu kuma ya zama gidan adana kayan tarihi, ya kamata ya ɗaga kai ya dubi gini kafin ya shiga duban abin da aka ajiye a ciki, domin ginin ƙasa na Hausa tun daga tushe har zanko shiri ne na zama lafiya da ruwan sama. An yi katanga mai kauri daga ƙasa tana sirancewa zuwa sama, an jera azara ta giginya wadda gara ba ta cika damunta ba, an karkata rufi kaɗan domin kada ruwa ya kwanta, an fitar da indararo mai tsawo domin ya watsa shi nesa da gindin bango, an shafe jikin ginin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne laso, wanda ake daɓe rufi da shi don kada ya yi yoyo, domin ana haɗa shi ne da katsin da ake kwasowa daga ramin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Watau sharar marini da sharar majemi su ne garkuwar magini. Saboda haka idan mai yawo ya isa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ya ga marina sun rufe ramukansu don kada ruwa ya tsinka baba, suna duban sama suna jiran rana ta fito su shanya, sai ya san cewa sana'o'in birnin nan a sarƙe suke da juna tun asali. Amma fa ginin ƙasa yana da hakki a kan mai shi, shi ne yaɓe bayan kowace damina. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara ɗari tara da suka wuce ta daɗe ne domin ana biyan wannan hakki, kuma duk wanda ya bi gefenta a watan Agusta, ya ga yadda ruwa ya tsattsaga abin da ya rage, ga masu ɗibar ƙasa da masu gini sun ci gefe da gefe, ba ya bukatar wani ya gaya masa cewa an daina biya.

Bayan gine-gine akwai mutane, kuma halin mutanen gari ma da damina ake saninsa. Idan yayyafi ya rikiɗe ya zama ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai tafiya a ƙasa ba shi da zaɓi sai ya fake, ko a zauren wani bawan Allah, ko a rumfar mai shayi, ko a barandar masallaci, inda zai tarar da almajiri da ɗan dako da malami da attajiri an haɗu ana jiran abu guda. A nan ake yi wa baƙo maraba, a matsa masa wuri, a miƙo masa gasasshiyar masara, a tambaye shi daga ina, kuma cikin rabin sa'a ya ji abin da ba zai ji ba ko da ya yi wata a masauki. Zaure a ginin Hausa don irin wannan aka yi shi, gari kuwa da ya musanya zaurukansa da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe ya rage wa baƙo da maƙwabci wani hakki da suke da shi. Shari'a ma ba ta ɗauki ruwan sama a kan abin da zai tsare Musulmi a ɗaka ba: Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta kawo rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a daren ruwa, Muhtasar na Shaihu Halilu kuma ya lissafa taɓon ruwan sama a cikin abubuwan da aka yi afuwa a kansu idan sun taɓa tufa. Waɗannan hukunce-hukunce an yi su ne domin mutanen da suke taka ƙasa da ƙafafunsu. Ɗakin Allah kansa yana da indararo, wanda ake kira Mizabur Rahma, yana zuba a cikin Hijiru Isma'ila. Kuma lokacin da ambaliya ta shiga Harami a zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, Halifa ya zo da kansa ya mayar da shi, ya kuma sa aka gina madatsa a saman garin domin a karkatar da ruwa. Wannan shi ne tafarkin shugaba na gari: ya karɓi ruwa a matsayin rahama, ya kuma shirya masa hanya.

Na san za a ce mini damina lokacin noma ne, kuma lokacin hatsari ne, yawon buɗe ido a cikinta aikin wanda ba shi da abin yi ne. Game da noma, ba na kiran kowa ya bar gonarsa. Ina magana ne da wanda tafiya ta riga ta kai shi birni, da ɗalibai masu hutu, da ma'aikacin da yake da Asabar da Lahadi. Game da hatsari kuwa, gaskiya ne, kuma mu mutanen Jihar Neja ba mu da bukatar a tuna mana, domin ba mu manta da abin da ya auka wa Mokwa a ƙarshen watan Mayu na 2025 ba, inda ruwa ya ci fiye da mutum 150 a dare ɗaya da wayewarsa, Allah ya jiƙansu da rahama. Saboda haka wajibi ne mai yawo ya kiyaye ƙa'idoji: kada ya hau dutse ana walƙiya da tsawa, kada ya fake a gindin doguwar itaciya ko jikin tsohuwar katanga, kada ya sa ƙafa a ruwan da yake gudu wanda bai ga ƙasansa ba, domin kwata marar murfi tana iya kasancewa a ƙarƙashi, ya nisanci wayar lantarki da ta faɗi, ya riƙe lema da takalmin roba, ya kuma koma masauki kafin duhu. Amma a lura, kusan duk abin da na lissafa, in ban da tsawa, aikin hannun ɗan Adam ne ko sakacinsa. Kuma yana daɗewa ba a gyara ba ne domin masu ikon gyarawa ba sa tafiya a ƙasa, mun kuma ɗauki wata mummunar fahimta cewa mai mutunci ba ya taka laka. Mace mai goyo da take ɗaukar tallar abinci, da yaron da yake tafiya makaranta, da makahon da yake bin sanda, su ne suke taka ta kullum ba da zaɓinsu ba.

Wasu biranen duniya sun daɗe da gane cewa mai tafiya a ƙasa shi ne ma'aunin gari. A Bolonya ta ƙasar Italiya, tun a shekarar 1288 hukuma ta wajabta wa mai gina gida a bakin hanya ya fitar da baranda mai rufi wadda kowa zai bi ta ƙarƙashinta, har barandun suka haɗu suka kai tsawon kusan kilomita 62, mutum yana iya ratsa tsakiyar garin ana ruwa bai jiƙe ba, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya. A Singafo ma, inda ake ruwa kusan duk shekara, tsarin gari na 1822 ya tilasta barin hanya mai rufi a gaban shaguna. Wannan ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba, domin ba ya bukatar injin da za a sayo daga waje. Doka ce da tsayuwa a kanta, kuma ya yi daidai da abin da addininmu ya karantar na hakkin hanya da ladan gusar da cuta daga gare ta.

A nan ne maganar ta dawo gida. Kontagora ba ta kai Kano girma ko tsufa ba, domin Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa ta ne a 1864, bayan an naɗa shi Sarkin Sudan. Ɗansa Ibrahim ne yake kan gado lokacin da Turawa suka ci garin a farkon 1901, suka kuma mayar da shi sarauta a 1903. Tarihi ne mai ɗauke da jarumta da kuma yaƙe-yaƙen da suka bar tabo a kan Kambari da Gwari da sauran maƙwabta, kuma ya kamata 'ya'yanmu su san shi dukkansa. Ruwanmu ya fi na Kano yawa, yana kuma riga nasu sauka ya bi bayan nasu ɗaukewa. Garin yana zaune a bakin kogin da yake ɗauke da sunansa, yana kuma faɗaɗa kowace shekara, musamman da masu gudun rashin tsaro suke ta shigowa daga ƙauyuka suna neman inda za su kafa bukka, galibi a filin da ya fi araha, wanda shi ne filin da ruwa yake bi. Wanda ya tashi daga ƙofar fadar Sarkin Sudan da safe bayan ruwa, ya bi ta kasuwa, ya gangara bakin kogi, ya dubi inda magudanai suka cika da leda, inda aka ci iyakar rafi da gini, inda mai shago ya shimfiɗa kayansa har kan kwata, zai ga farkon abin da ya ga ƙarshensa a Kano. Falalar da muke da ita ita ce har yanzu muna da sauran fili da sauran lokaci.

Don haka nake kira ga malaman makarantunmu, na boko da na Islamiyya, har da babbar makarantar horon malamai ta tarayya da take garin nan, su ware safiya guda a cikin kowace damina su fita da ɗalibai a ƙasa, da dattijon unguwa a gaba yana faɗin sunayen wurare da abin da yake nan a dā, ɗalibai kuma suna rubuta inda ruwa ya kwanta da dalilin kwanciyarsa, a miƙa rubutun ga mai unguwa da dagaci da ƙaramar hukuma. Ina kira ga shugabannin ƙaramar hukuma da injiniyoyinsu su yi irin wannan zagaye da ƙafafunsu kafin su rattaba hannu a kan takardar fili ko ta kwangila, su sa murfi a kan kwatoci, su hana gini a hanyar ruwa tun ana aza tushe, su kuma shar'anta wa sababbin shaguna baranda ta kowa da kowa. Ɗan kasuwarmu kuma da zai tafi Kano a watan gobe, ya ƙara wa tafiyarsa rabin yini, ya ajiye kayansa a masauki, ya hau Dala, ya gangara Kurmi, ya tambayi dattawa, ya komo mana da abin da ya gano, domin gani ya kori ji, kuma garin da mutanensa suka san hanyoyin ruwansa ba ya wayar gari yana kirga gawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ambaliya, ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da aka ɗora musu.